Fitilar ado mai motsi: Asalinta, yadda ake haɗa ta, da haɗarin da ke tattare da ita

Fitilar ado mai motsi siffa ce da ake ƙerawa da hannu daga kara, gora, waya ko kwali, a jera mata ƙwayayen haske, sa'annan a yi mata dabarar da za ta sa ta riƙa juyawa, ko kaɗawa, ko kuma haskenta ya riƙa tafiya kamar mai rai. Ana yin ta ne domin dararen biki, irin su tashen watan azumi, zagayen Maulidi, shagulgulan Sallah, da Kirsimeti a gidajen Kirista. Tana iya zama jinjirin wata, tauraro, ƙubbar masallaci, jirgin ruwa ko itacen dabino.

A ƙauyukan kudancin Jihar Katsina, kamar 'Yargoje da ke Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara da ƙauyukan Faskari da Sabuwa, kusan duk kayan da aikin ke buƙata suna nan a ƙasa: karan dawa bayan girbi, gwangwanin madara, tsohon batirin babur, da matattun tocila masu sauran ƙwai. Abin da ya fi ƙaranci shi ne sanin ƙa'idar wutar. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce tak: a yi komai da wutar batir wadda ba ta wuce bolt 12 ba, kada a kusanci wutar nepa ko ta janareta. Duk bayanin da ke tafe a kan wannan ya ginu.

Tushenta a ƙasar Hausa

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da wannan sana'a a tsakanin Hausawa. Na farko shi ne aikin kara. Tun kafin kayan wasan kanti su shigo, yaran karkara suna feƙe ɓawon kara su soka shi a totuwa, su tayar da mota mai ƙafafu masu juyawa, ko jirgi, ko tabarau. Wanda ya iya motar kara ya riga ya san yadda ake ɗaure gwiwa ta tsaya da yadda ƙafa ke juyawa a kan sanda, kuma rabin aikin fitila ke nan.

Na biyu shi ne tashe, wasan da samari da 'yan mata ke farawa idan azumi ya kai kwana 10. Da dare ake yin sa, bayan shan ruwa, gida-gida da kasuwa-kasuwa, ana ba masu yi hatsi ko kuɗi. Wasa ne na shiga da kwaikwayo, kuma tun da na dare ne ba ya rabuwa da haske. A da aci-balbal ce da fitilar ƙwai, daga baya tocila ta karɓe su. Fataken Hausawa sun kai irin wannan wasa har Wagadugu ta Burkina Faso, inda ya zauna da sunan Dodo, yara na sa fuskokin dabbobi suna rawa a dararen Ramadan.

Na uku shi ne ƙawata unguwanni a watan Rabi'ul Awwal. A Kano, Katsina, Zariya da Funtuwa, masu Maulidi na rataya tutoci da jerin fitilu a zawiyoyi, makarantun Islamiyya da bakin tituna, daga daren 12 ga wata har zuwa ranar suna, wadda Kanawa ke kira Takutaha suna hawan dutsen Dala. Kiristocin Hausawa na yankin Malumfashi da Ƙafur su ma suna da nasu lokacin a ƙarshen Disamba, inda tauraro ke kan gaba a kayan ado.

'Yan'uwanta a wasu ƙasashe

Duk inda biki ya faɗo da dare, mutane sun nemi hanyar ba haske siffa. A Masar akwai fanus, fitilar Ramadan ta kwano da gilashi mai launi, wadda ake danganta farkonta da zamanin Faɗimiyyawa a Alƙahira. A birnin Sanluwi na Senegal akwai Fanal, wanda ya samo asali daga fitilun da bayi ke riƙe wa attajiran matan birnin a hanyarsu ta zuwa coci daren Kirsimeti, daga baya ya zama manyan gine-ginen itace da takarda da ake zagayawa da su. A Gambiya siffar jirgin ruwa aka fi yi, da gora da takarda. A Firitawun ta Saliyo kuwa Musulmi ne suka riƙe al'adar, a da suna fito da manyan fitilu a daren ganin watan ƙaramar Sallah.

Ta fuskar lantarki, tarihi na komawa ga Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, wanda a watan Disamban 1882 ya jera ƙwai 80, ja da fari da shuɗi, a kan itacen Kirsimeti a gidansa da ke birnin New York. Itacen yana juyawa a kan gindinsa, ƙwayayen na kamawa suna ɗaukewa. Wato adon lantarki na biki tun ranar farko da motsi ya zo.

Misalin da ya fi dacewa da mai aiki a ƙauye shi ne na birnin San Fernando a Filifin, inda ake gasar manyan fitilu kowane Disamba. Faɗin fitila ɗaya kan kai ƙafa 20, da dubban ƙwayaye, amma abin da ke sarrafa rawar haskenta bisa al'ada ba kwamfuta ba ce. Ganga ce ta ƙarfe da ake juyawa da hannu, an liƙe wasu sassanta da salatif. Za a ga a gaba yadda gwangwanin madara ke yin irin wannan aiki.

Abin da ƙwan LED ya sauya

Tsohon ƙwan fitila yana ƙona zare ne ya yi haske, don haka yawancin wutar da yake ci zafi take zama. Yana shanye batir nan da nan, yana kuma iya babbake takarda. Ƙwan LED ba ya ƙona komai. Nick Holonyak ne ya samar da jan ƙwai na irin wannan a 1962 a Amurka, amma fari bai samu ba sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka gano shuɗi a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ake samun farin da ke cikin kowace tocila da fitilar sola a yau.

Wannan sauyi shi ya sa abin da a da sai mai janareta, yanzu batirin babur ɗaya ya ishe shi dare guda. Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, amma mai fitilar batir ba ya jiran a kawo wuta, kuma ɗaukewarta ba ta tsayar masa da wasa.

Gangar jiki

Ana fara aiki da zane. A zana siffar da girmanta na ainihi a ƙasa ko a kan takardar siminti, a yi alamar inda kowane ƙwai zai zauna da inda batir zai kwanta. Siffa mai sauƙin layi ta fi fitowa da dare, domin ido daga nesa gefe kawai yake kamawa.

Kara ba shi da nauyi kuma kyauta ne, sai dai ba ya lanƙwasuwa kuma yana saurin kama wuta. Ya dace da siffofi masu miƙaƙƙun layuka, kamar tauraro da hasumiya. Tsagin gora, idan aka jiƙa shi, yana lanƙwasuwa ya ba da da'ira, don haka shi ne na jinjirin wata, ƙubba da cikin jirgi. Waya mai kauri ta fi duka daɗewa, amma tana ɗaukar wuta, saboda haka dole a naɗe ta da salatif a duk inda wayar lantarki za ta bi. Ana ɗaure gaɓoɓi da zare ko tsagin robar tayar keke, a ƙara sanda a karkace a kowace kusurwa, domin firam mai kusurwa uku ba ya sauya siffa idan an tura shi, mai kusurwa huɗu kuwa yana karkacewa.

Rufi iri biyu ne. Idan ana son siffar ta yi haske daga ciki, sai a lulluɓe ta da farin yadi mara kauri ko takarda mai launi, a liƙe da ƙullun sitaci ko ƙaro, a bar tazarar kamar santimita 5 tsakanin ƙwai da rufi domin hasken ya bazu maimakon ya fito ɗigo-ɗigo. Idan kuwa layin siffar ake son ya fito, sai a sami kwali ko falanki mara kauri, a shafa masa baƙin fenti, a huhhuda shi, a cusa ƙwayayen ta baya. A kowane hali nauyi ya koma ƙasa. Batir a gindi yake zama, ba a ka ba.

Lissafin haske

Ƙwan LED yana da ƙafa biyu. Doguwar ita ke zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa, gajeriyar ta tafi mai alamar ɗebewa. Idan aka juya su ba zai kama ba. Jan ƙwai da rawaya na buƙatar kimanin bolt 2, fari da shuɗi kimanin bolt 3, kuma ƙaramin ƙwai ba ya son abin da ya wuce miliamfiya 20. Wanda ya ɗora shi kai tsaye a kan batir mai bolt 12 zai ga walƙiya sau ɗaya, shi ke nan ya ƙone.

Maganin wannan shi ne rezisto, ɗan abin nan mai zobban launi da ake samu wurin masu gyaran rediyo ko a cire daga tsohon allon na'ura. Lissafinsa ba wuya: a ɗebe abin da ƙwayayen ke buƙata daga ƙarfin batir, a raba saura da 0.02. Idan an jera farare 3 bi da bi, suna cin bolt 9, saura 3 daga 12, wanda ya ba da om 150. Tun da cikakken batir yakan kai bolt 12.6, om 180 ya fi zama lafiya. Idan da fawa-bank mai bolt 5 za a yi aiki, farin ƙwai ɗaya na son om 100, ja kuwa om 150. Kowane jeri da nasa reziston. Haɗa jeri da yawa a kan guda ɗaya yana sa wani ya fi wani haske, kuma mai hasken ne zai riga mutuwa.

Wanda ba ya son wannan lissafi yana iya sayen zaren LED mai bolt 12 da ake sayarwa da mita, wanda rezistonsa ke jikinsa. Ana yanka shi ne a kan alamar da ke zuwa bayan kowane ƙwai 3. Mai ƙananan ƙwayaye 60 a mita yana cin kimanin wat 4.8, mai manya kuwa yana kaiwa wat 14.4 a mita, wato ninki uku.

Motsi na haske

Akwai motsin da babu abin da ke gusawa a cikinsa, ido ne kawai ake yaudara. Idan ƙwai biyu da ke kusa da juna suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, ƙwaƙwalwa na ganin kamar haske ɗaya ne ke tsalle. Masanin halayyar ɗan'adam Max Wertheimer ya yi nazarin wannan a Jamus a 1912, kuma a kan irin wannan yaudara fim ke tafiya da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Don haka idan aka zana reshen dabino sau biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, aka riƙa kunna su bi da bi, mai kallo zai ga reshe na kaɗawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta gwangwani. A kankare fentin gwangwanin madara har ƙarfe ya fito, a soka masa sanda ta tsakiya, a lanƙwasa mata mariƙi. A kafa waya ɗaya mai tauri wadda za ta riƙa gogar gefen gwangwanin kullum, ita ke kawo wuta daga batir. A kafa wasu guda uku a jere, kowace na zuwa rukunin ƙwayaye ɗaya. Sai a liƙa salatif a kan hanyar kowace waya, a bar taga a wurare daban-daban. Duk wayar da ta faɗa taga sai rukuninta ya kama, da ta hau salatif sai ya ɗauke. Mai juyawa na iya bin kiɗa, ya rage gudu ko ya ƙara. Sauya salon haske ba ya buƙatar komai sai sabon salatif.

Hanya ta biyu ita ce na'urar da ke sa siginar babur ƙiftawa, wadda ke bugawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. Tsohuwar ƙira tana dogara ne da zafin wutar da ke ratsa ta, saboda haka ba ta aiki da LED, wanda cinsa kaɗan ne. Sai a nemi sabuwar ƙira da aka yi domin LED.

Hanya ta uku ta masu gyaran rediyo ce, da ƙaramar na'ura mai ƙafa 8 da ake kira 555, wadda Hans Camenzind ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970 kuma har gobe ana ƙera ta. Da rezisto mai om 1,000, da wani mai om 33,000, da kafasito mai maikirofarad 10, tana bugawa kimanin sau 2 a daƙiƙa. Idan aka kai bugun daga ƙafarta ta 3 zuwa ƙafa ta 14 ta wata na'urar mai suna 4017, sai ita kuma ta riƙa miƙa wuta ga ƙofofinta 10 ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofin ba su da ƙarfin ɗaukar ƙwayaye da yawa, don haka kowace na buƙatar taransisto a gabanta. Masu hali kan yi amfani da allon Arduino, wanda aka fara a Italiya a 2005, su rubuta masa umarni da kwamfuta, amma siffa mai rukuni uku ba ta buƙatarsa.

Motsi na jiki

Idan ana son wani sashe ya juya da gaske, sai an sami moto. Ƙananan da ake cirewa daga tsohuwar rikoda ko na'urar DVD suna gudu da yawa amma ba ƙarfi. Ana rage musu gudu da faifai biyu da roba: faifai mai faɗin santimita 1 a kan moto, mai santimita 10 a kan abin da za a juya, gudu ya ragu sau 10, ƙarfi ya ƙaru. Sun dace da farfelar jirgi ko tauraro mara nauyi.

Babbar siffa kuwa sai moton waifar mota, wanda ake samu wurin masu kayan gwangwan. Da bolt 12 yake aiki, yana juyawa a hankali, kimanin sau 40 zuwa 60 a minti, kuma yana da ƙarfi ƙwarai. Domin mayar da juyi ya zama kai-da-komo, ana ɗaura masa ɗan gajeren hannu, a haɗa ƙarshen hannun da doguwar sanda zuwa sashen da ake son ya kaɗa, kamar yadda takawar keken ɗinki ke haɗe da ƙafarsa. Tafiyar sandar ninki biyu ce na tsawon hannun: hannu mai santimita 5 na ba da tafiyar santimita 10. Ƙarfin wannan moto ya isa ya murƙushe ɗan yatsa, don haka a rufe shi cikin akwati.

Tsawon ran batir

Batirin babur mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84. Irin wannan batir mai ruwa yana saurin lalacewa idan ana tatse shi ƙarƙaf, saboda haka rabi kawai za a sa a lissafi, wato 42. Fawa-bank da aka rubuta wa 10,000 yana ɗauke da kimanin wat-awa 37, ana kuma yin asarar wani kaso wajen fitarwa.

A ɗauki misalin jinjirin wata da tauraro a kan allo mai faɗin santimita 60. Jinjirin na cin mita 1 na ƙaramin zare, wat 4.8, yana kunne kullum. Tauraron na da zobba uku, kowane da ƙwai 15, wato jeri 5 na uku-uku, kowane zobe na cin wat 1.2. Tun da zobe ɗaya ne ke kamawa a lokaci guda, daga na ciki zuwa na waje, jimilla wat 6 ce, kuma batirin zai kai awa 7. Da za a ƙara moton waifa, wanda ke jan amfiya 2 zuwa 4, lokacin zai faɗo ƙasa da awa biyu. Wannan ne dalilin da ya sa motsin haske ya fi motsin jiki araha.

Kafin a rufe siffa, a gwada kowane jeri shi kaɗai. A sa fis mai amfiya 2 dab da kan batir, sai makunni bayansa. A bar ta kunne minti 30 da rana, a bi wayoyi da bayan hannu. Duk inda ya yi zafi akwai gyara.

Inda haɗari yake

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Abin da bai fi miliamfiya 30 ba, idan ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya, kuma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi suna buɗe masa hanya. Jerin fitilun kanti masu arha da ake sokawa a bango suna ɗauke da wannan wuta a siririyar waya, don haka yanka su a yi ƙari, ko a naɗa su a firam ɗin ƙarfe da yara za su ɗauka, ganganci ne da rai. Bolt 12 ba ya jan mutum ta busasshiyar fata.

Amma rashin ja ba ya nufin rashin gobara. Idan wayoyin batir biyu suka haɗu, suna yin ja wur cikin daƙiƙoƙi, kuma kara da takarda ba sa jira. Aikin fis ke nan, shi ya sa ba a maye gurbinsa da waya ko takardar taba. Batir mai ruwa na ɗauke da asid mai cin fata da tufafi, kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka a yi cajinsa a fili, nesa da murhu. Batiran litiyom da ake cirewa daga tsohuwar kwamfuta ko waya, idan sun kumbura ko sun lotsa, a rabu da su, kada a huda su, kada a yi musu caji da abin da ba nasu ba. Ƙananan batira masu kama da maɓalli su ne suka fi haɗari ga jarirai: wanda ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa 2, don haka asibiti za a nufa nan take. Dalmar haɗa waya kuma guba ce, a wanke hannu kafin cin abinci.

Lokacin shekara ma abin lura ne, tun da watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Azumin 2024 ya kama ne ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris, wato tashe a waɗannan shekaru yana faɗowa cikin rani, lokacin da dannin kara da jinkar ɗaki suka bushe ƙayau. Kyandir ko aci-balbal a cikin siffar takarda ba shi da wuri a irin wannan yanayi. Hutun Maulidi kuwa ya faɗo ne ranar 16 ga Satumban 2024 da 5 ga Satumban 2025, cikin damina, inda ruwa ke shiga mahaɗar waya. Sai a rufe batir da na'ura cikin roba mai murfi, wayoyi su fito ta ƙasa.

A ƙarshe, hasken da ke ƙiftawa fiye da sau 3 a daƙiƙa yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. A taron da ba a san wa ke ciki ba, a rage gudu.

Wace siffa ta halatta?

Zaɓen siffa a ƙasar Hausa ba batun gwaninta kaɗai ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a nan, sanannen hukunci shi ne haramcin ƙera cikakkiyar surar abu mai rai wadda ke da inuwa, tare da rangwame ga 'yartsanar 'yan mata. Surar abin da ba shi da rai, kamar itace, gini, jirgi, wata da tauraro, babu laifi a kanta. Shi ya sa waɗannan suka fi yawa a kayan adon Musulmi. Shi kansa Maulidi akwai saɓani a kansa: mabiya Ƙadiriyya da Tijjaniyya na raya shi, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 kuwa tana ganin bidi'a ne. Mai son kafa fitila a bainar jama'a ya san unguwar da yake, ya tuntuɓi liman da mai unguwa kafin ya fara.

Dare a 'Yargoje

Duk wannan ado na dare ne, kuma dare shi ne abin da matsalar tsaro ta fara ƙwacewa a wannan yanki. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, gwamnati ta kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. A daren Lahadi 9 ga Yunin 2024 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito mazauna garin na cewa an kashe aƙalla mutum 50.

A irin wannan wuri, hukuncin fita da fitila na dattawan gari ne da masu tsaronsa, ba na mai ƙira ba. Inda suka amince, hankali na nuna a tsaya cikin gari, a tashi da wuri, kada a ɗaga haske sama da katanga inda za a hango shi daga daji, kuma kada a haɗa shi da abin fashewa, wanda ƙararsa ke iya sa jama'a gudu ko ta rikita masu gadi. Inda ba su amince ba, tsakar gida da zaure da harabar makarantar allo sun isa. Fitila mai wat 6 ba ta buƙatar fili, kuma makunni ɗaya ke kashe ta nan take, abin da ba a samu da wutar kara ba.

Akwai kuma ribar da ba ta ƙare da biki. Yaron da ya lissafa rezisto, ya sa fis, ya auna tsawon ran batir, ya taɓa ginshiƙan da mai haɗa sola da mai gyaran waya da mai wayarin ɗin babur ke cin abinci da su, kuma waɗannan sana'o'i ne masu kasuwa daga Ƙanƙara har Funtuwa. Malamin kimiyya a makarantar gari, ko mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, na iya tara yara biyar su haɗa fitila ɗaya cikin mako guda, da babba a kansu lokacin dalma da caji. Idan biki ya wuce, a cire batir, a ajiye firam a inuwa inda gara ba za ta kai ba, ƙwayayen kuma su koma haska ɗaki har watan ya sake zagayowa.